Ma'aunin Jarirai: Wa Aka Ƙera Wa, Wa Zai Yi Amfani da Shi?

Jaririn da aka haifa da nauyin da bai kai gram 2,500 ba ba shi da bakin kai kuka, amma jikinsa yana magana. Yawan hamma, shaƙuwa, baza yatsu, kawar da kai da sauyin launin fata duk alamu ne na gajiya. Abin tambaya shi ne da wane ma'auni za a karanta su, kuma wa zai karanta.

Ma'aunin da likitan yara Berry Brazelton ya fitar a Amurka a 1973 an tsara shi ne don jariran da suka cika watanninsu. Daga baya Heidelise Als ta ƙirƙiro na bakwaini, sannan ta gina tsarin NIDCAP, inda ƙwararre ke tsayawa gefen kwalba yana rubuta abin da ya gani kowane minti biyu. Aiki ne mai kyau, amma yana cin dogon horo da kuɗi. Kuma bitar da Ohlsson da Jacobs suka wallafa a 2013 ba ta sami hujjar cewa tsarin yana inganta bunƙasar ƙwaƙwalwa na dogon lokaci ba.

Gizo yana saƙa ne a wajen tantancewa. Galibi ana yabon ma'auni idan ƙwararru biyu sun ba da maki iri ɗaya. Wannan bai isa ba. Kusan jarirai miliyan 20 ake haifa da ƙarancin nauyi kowace shekara, akasarinsu a Kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya kan kula da jarirai da yawa a dare guda. Ma'aunin da ba za ta iya ɗauka ba ado ne kawai a mujallar bincike.

Akwai kuma kuskuren kuɗin goro: bakwaini daban, jaririn da ya cika watanni amma ya tsumbure a ciki daban, halayensu ba ɗaya ba ne.

Masu kare waɗannan ma'aunai za su ce sauƙaƙawa na rage inganci. Gaskiya ne, amma da babu gara ba daɗi. Tambayoyi uku ya kamata kowane ma'auni ya amsa: an gwada shi a irin asibitin da za a kai shi? Yana sauya yadda ake kula da jaririn? Uwar da ke ɗauke da shi a ƙirjinta za ta iya koyon alamunsa? Wanda ya kasa amsa su bai cancanci kuɗin asibiti ba.