Wa Ya Ke Yanka wa Tsohuwar Mota Kuɗi?

A unguwarmu ta Kongo-Rasha, cikin Jos, wani tsohon malami ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya ce zai sayi mota ya sa a haya domin abincin iyali. Dillalai suka yi ta yabon motar, ya biya. Bayan mako uku makanike ya gaya masa an juya agogon tafiyarta baya, kuɗin da ya bayar kuwa ya kusa ninka abin da ta cancanta. Gumin shekara 35 ke nan.

'Yan'uwa, laifin ba na dillalai kaɗai ba ne. Mai sayen dawa yana da mudu, amma mai sayen mota ba shi da ma'auni sai bakin wanda la'adarsa ke ƙaruwa kadan kuɗi ya hau.

A waɗansu ƙasashe ba haka ba ne. A Amurka akwai Kelley Blue Book tun 1926, a Ingila kuma Glass's Guide tun 1933. Masu yinsu ba bokaye ba ne. Sukan tattara kuɗin da aka sayar da motoci a wurin gwanjo da wurin dillalai, su duba shekarar ƙira, da nisan tafiya, da lafiyar inji, sa'an nan su fitar da matsakaici, watau lissafin da mu ke koya wa yara a firamare. Bisa ga al'ada mota takan rage daraja kowace shekara, sai fa wadda irinta ta yi wuyar samu. A 2022 an sayar da wata Mercedes ta 1955, wadda biyu kaɗai aka ƙera, a kan Yuro miliyan 135.

Amma littafin Turawa ba za ya yi mana ba, gama kasuwarmu dabam ce. Direban tasha ya fi son motar da zai sami kayanta a Dilimi, shi ya sa Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta daɗe da daraja. Sa'ad da naira ta faɗi a 2023 kuma, tsofaffin motoci suka yi tsada maimakon araha.

Shawarata ke nan: ƙungiyoyin direbobi da makanikai da dillalai na Jos su buɗe littafi, a riƙa rubuta kowane ciniki, irin motar da shekararta da kuɗinta, kowa ya iya dubawa. Wani za ya ce an tsare wa dillali abinci. Ko kaɗan! Dillali mai gaskiya la'adarsa tana nan. Ai ko Kwastam a 2022 suka soma yanka haraji bisa ga lambar jikin mota maimakon ƙiyasi.

Kafin a yi wannan, kada kowa ya biya sai makanikensa ya duba. Mu kuma malaman gobe, mu kai lissafin nan cikin aji, domin yaron da ya iya shi ya tsare dukiyar ubansa.