Kolo Touré Ba Ɗan Rakiyar Yaya Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce albarkacin ƙanensa Yaya ne ya sa duniya ta san Kolo Touré. Haba! Ai rashin sani ya fi dare duhu.

A 2002 Arsenal ta ɗauko Kolo daga ASEC Mimosas ta Abidjan, lokacin Yaya bai taka Barcelona ko Ingila ba. A kakar 2003/2004 shi da Sol Campbell ne suka tsare bayan ƙungiyar, har ta buga wasa 38 a Firimiya ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A 2006 ƙwallonsa a ragar Villarreal ce ta kai Arsenal wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. Manchester City ma shi ya fara zuwa a 2009, Yaya ya biyo shi a 2010. To wa ya bi sawun wa?

Laifinka ɗaya ne: ƙwallon da aka ci kake ƙirgawa, ba wadda aka hana ba. Kolo, ɗan bayan Kwaddibuwa, da guminsa ya ci tuwo. Ka gyara alƙalaminka.