Raddi ga mai cewa Paparoma ke juya Kotun Ƙolin Amurka

Wani mai sharhi ya ce a rediyo, tunda shida daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka 'yan Katolika ne, fadar Vatican ce ke rubuta musu hukunci, makarantun coci kuma can ake ƙyanƙyashe mata 'yan amshin shata. Lissafinsa daidai ne: Roberts, Thomas, Alito, Sotomayor, Kavanaugh da Barrett. Sauran duk shaci-faɗi ne.

Malam, in bakin mutum ɗaya suke saurare, me ke raba kansu? A 2022, da kotun ta rushe hukuncin da ya halatta zubar da ciki, Sonia Sotomayor, tsohuwar ɗalibar makarantar Cardinal Spellman ta Bronx, ƙin amincewa ta yi. Shi kansa hukuncin na 1973, da hannun William Brennan aka yanke shi, ɗan Katolika. Auren jinsi da cocin ke ƙyama, Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin halatta shi a 2015, shi ma ɗan Katolika. A 2018 Paparoma Francis ya ce hukuncin kisa ba abin yarda ba ne, amma Thomas da Alito ba su fasa ba da damar zartar da shi ba. Wane ubangida ne yaransa ke watsa masa ƙasa a ido haka ya ƙyale? Haba! Mai riƙe da makirufo ya kamata ya yi bincike kafin ya buɗe baki.

Tasirin makarantun gaskiya ne, sai dai asalinsa a fili yake. A 1884 bishop-bishop suka taru a Baltimore, suka umarci kowace majami'a ta gina makaranta, domin a makarantun gwamnati Baibul na Furotesta ake karanta wa yara. 'Ya'yan leburori 'yan ci-rani daga Ayalan da Italiya suka zauna gaban malamai masu tsanani, suka koyi karatu da iya kafa hujja, jikokinsu suka zama lauyoyi. Ina makirci a nan?

Digirin lauya kuwa, Barrett kaɗai ta yi a jami'ar Katolika, wato Notre Dame. Roberts Harvard ya yi, sauran huɗun Yale.

Naɗi kuma shugaban ƙasa ke yi, majalisar dattawa ta tabbatar. Zaman 'yan Katolika a kotun ma ba sabon abu ba ne: na farkonsu, Roger Taney, tun 1836 ya hau kujerar.