Wa Ya Ce Marayu Ne?

Ranar 25 ga Oktoba, 2007, jami'an tsaron Chadi suka tare wasu Faransawa a Abeche da yara 103 a hannunsu, jirgi yana jiran ya kwashe su zuwa Faransa. Sunan ƙungiyarsu L'Arche de Zoé. Sun shaida wa duniya cewa marayun Darfur ne waɗanda yaƙi ya cinye iyayensu. Har bandeji aka naɗa wa wasu yaran alhali ƙalau suke, don a ce marasa lafiya ne za a kai asibiti. Da ma'aikatan UNICEF da Red Cross da hukumar 'yan gudun hijira suka zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi 91 daga cikinsu suna da uwa ko uba ko wani babba da suke kira nasu, kuma akasarinsu daga ƙauyukan Adre da Tine suka fito. Abin da aka gaya wa iyayen shi ne makaranta za a sa yaran, nan cikin ƙasarsu.

Kotun Injamena ta ɗaure mutum shida shekara takwas-takwas da aiki mai tsanani a watan Disamba. Kwana biyu bayan hukunci aka mayar da su gida, ƙarshen Maris na 2008 kuma shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya yi musu afuwa. Wata uku ke nan. Ina so mai karatu ya ƙiyasta 'yan Chadi shida da aka kama a filin jirgin Faris da 'ya'yan Faransawa 103, sannan ya gaya mini shekarar da za su sake ganin rana.

Duk lokacin da na ga hoton mata da miji a filin jirgi rungume da baƙin jariri, ana ta yi musu sambarka wai sun ceto rai, Abeche nake tunawa, raina ya ɓaci. Ba wanda ke tambayar wadda ta yi naƙudar yaron nan. Tana ina? Da wane harshe aka karanta mata takardar da ta dangwala wa hannu?

Tushen ɓarnar kuɗi ne. Iyali ɗaya a Amurka na kashe dubban daloli kafin a damƙa musu yaro, kuma a shekarar 2004 kaɗai yara kusan 23,000 aka shigar ƙasar ta wannan hanya. Inda kuɗi irin wannan ya sauka, dillali ba ya nisa. Gidan marayun da ake biyan sa a kan kowane kai dole ya nemo kawuna, in marayun gaske sun ƙare sai a shiga ƙauye a nemo na talaka. A Habasha haka aka yi ta yi: a sami bazawarar da 'ya'ya suka yi wa yawa, a ce mata za a ilmantar da ɗanta ya dawo ya riƙe ta. Ita a fahimtarta riƙo ne irin wanda ta sani. A takardar kotu kuwa ta sallama shi ne har abada, wani lokaci ma a rubuta ta mutu. Da an ba matar nan kashi ɗaya bisa goma na abin da aka kashe wajen raba ta da ɗanta, da ta ciyar da shi da ƙannensa, ta biya musu makaranta shekaru. Amma mai biya ba don haka ya fito da kuɗinsa ba. Ɗa yake so.

Akwai wata yarinya 'yar Habasha, Hana, da aka kai jihar Washington a 2008. A watan Mayun 2011 aka tsinci gawarta a bayan gidan mariƙanta, sanyi ya kashe ta bayan doguwar yunwa da duka. Shekararta 13. An ɗaure mariƙan a 2013, majalisar Habasha kuma ta haramta bai wa baƙi yara a Janairun 2018. A Haiti, bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa goma 'yan mishan a bakin iyaka da yara 33, yawancinsu iyayensu na raye. Koriya ta Kudu ta fitar da yara wajen 200,000 tun bayan yaƙinta, sai a Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar an ƙirƙiri takardun ƙarya, an rubuta masu iyaye a matsayin tsintattu, an musanya sunan wani da wani. Ga mutane nan masu furfura suna komawa Seul da takardar da babu gaskiya ko ɗaya a cikinta, suna cigiyar uwa.

Na san za a ce mini akwai masu kyakkyawar niyya. Akwai. Wanda Allah bai ba haihuwa ba yana cikin wani hali da ba na rainawa, kuma akwai yaron da ba shi da kowa da gaske, wanda gidan marayu ba zai taɓa zame masa gida ba. Amma kyakkyawar niyyar mai saye ba ta halatta kayan sata. Yarjejeniyar Heg ta 1993 ma cewa ta yi a fara neman dangin yaro, sannan mariƙi a cikin ƙasarsa, ƙetare shi ne na ƙarshe. Kasuwa ta juya abin, ƙetare ya zama na farko domin can ne kuɗin yake.

Ni ɗan riƙo ne. Ina shekara shida gwaggona ta ɗauke ni zuwa wani gari, a hannunta na yi karatu har na mallaki hankalina. Ba ta taɓa ɓoye mini sunan mahaifina ba, da shi aka rubuta ni a makaranta, kowace Sallah kuma a gidanmu nake yi. Ta riƙe ni, ba ta shafe ni ba. Addini ma haka ya tsara: a ci da maraya, a sha da shi, a kira shi da sunan ubansa, kamar yadda aka mayar wa Zaidu ɗan Harisa nasabarsa. Yaron da aka tsallaka da shi teku yana shekara uku, cikin wata shida harshensa ya tafi, sunansa ya tafi, kakarsa ta zama ba kowa ba.

Mu ma ba mu fita ba. Baffan da ya cinye gādon marayu, da matar da ta mai da 'yar riƙo baiwa, ta ɗora mata talla 'ya'yanta suna makaranta, su suka buɗe wa dillali ƙofa. Gwamnatin da ba ta rajistar haihuwa ita ta sauƙaƙa wa mai buga takardar bogi.

Kuma mun ɗanɗana. A 2019 'yan sanda suka gano yaran Kano tara a Onica, an sace su an sayar, an canza musu suna, wasu Hausa ta ɓace musu a baki. Kotu ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda suka sace su, shekara 104 a 2021. Kano ta girgiza, kuma ya kamata ta girgiza. Amma Onica tafiyar yini ce a mota, shi ya sa aka iya zuwa aka dawo da su. Bazawarar nan ta Habasha, wadda har yau take jiran ɗanta ya gama makaranta ya dawo, wace tasha za ta je?