Idan inji ya buga a hanyar Jere: A gyara ko a rabu da motar?

Duk ma'aikacin da ke barin Abuja ranar Juma'a don ya kwana da iyalinsa a Kaduna ko Kagarko ko Kwoi ko Kafanchan ya san Jere. A nan hanyar Bwari take haɗuwa da babban titin Abuja zuwa Kaduna, a nan kuma masu zuwa kudancin jihar suke karkata. Yawancin motocin da ke wannan zirga-zirga sun haura shekara goma sha biyar da ƙerawa, domin su ne aljihun ɗan albashi yake iya ɗauka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗaya daga cikinsu a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi. Ranar da makanike ya girgiza kai ya ce inji ya buga, sai mai mota ya shiga tsaka mai wuya: ya zuba kuɗi a tsohuwar mota, ko ya kira 'yan gwangwan su yi mata kuɗi?

A ganina, a halin da ake ciki, gyara ya fi wa mafi yawan ma'aikata alheri, amma da sharaɗin ya zama cikakken gyara. Wanda ba zai iya yin cikakken gyara ba, gara ya rabu da motar tun tana da sauran daraja. Abin da ya fi kowanne tsada shi ne faci.

Akwai wata ƙa'ida da ke yawo a bakin mutane, wadda asalinta daga Amurka da Turai ne, cewa idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota, a yar da ita. A can ƙa'idar tana da hujja, domin ladan makanike yana da tsada, tsofaffin motoci suna da araha, bashin sayen mota kuma yana da sauƙin samu. Har gwamnatoci sun taɓa biyan mutane don su rabu da tsofaffin motocinsu: a 2009 Amurka ta ba da rangwamen da ya kai dala 4,500 ga wanda ya miƙa tsohuwa ya sayi sabuwa, Jamus ta ba da Yuro 2,500, Birtaniya kuma fam 2,000. Mu a nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ladan aikin hannu ne mai sauƙi, motar ce mai tsada.

Lissafin ya ƙara juyewa daga 2023. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki Naira a kasuwa a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Motar 'yar Kwatano da dala ake sayo ta, kuma da farashin dala Kwastam ke lissafa mata haraji. Tun Janairun 2017 ma aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa. A ɗaya ɓangaren, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Tun tsarin mayar da alfarmomi kuɗi na 2003 kuwa, yawancin ma'aikatan tarayya ba su da motar ofis, ta kansu ce abin dogaro.

Don haka tambayar da ta dace ita ce: nawa zan kashe kafin in sake mallakar mota mai lafiya? A ɗauki misali: gyaran inji zai ci miliyan ɗaya da rabi, motar ko da lafiyarta ba za ta wuce miliyan uku a kasuwa ba. Bisa ƙa'idar Turawa, a yar. To amma idan wadda za ta maye gurbinta sai an ba da miliyan tara, ita ma tsohuwa ce da ba a san tarihinta ba, ai lissafin ya fito fili. Motar da ka sani, ka san ciwonta, ta fi wadda aka wanke aka shafa wa mai don a sayar maka.

Sai dai kafin a taɓa aljihu, akwai abubuwan da ya wajaba a duba. Na farko shi ne dalilin bugawar. Inji ba ya mutuwa haka kawai. Galibi ko dai zafi ne ya yi yawa saboda lagireto na yoyo ko fanka ta tsaya, har gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, ko kuma baƙin mai ne ya ƙare ko ya kasance jabu, metal ya cinye, karanshaf ya ji rauni. Wanda ya ɗora sabon inji bai gyara lagireton da ya kashe na farko ba, ya yi gyaran gangar Abzinawa, kuma ba da jimawa ba zai sake tsayawa a gefen titi.

Na biyu shi ne sauran jikin motar. Inji ana sauya shi cikin kwana biyu, amma shasin da tsatsa ta ci, ko wanda hatsari ya karkatar, ba ya komawa daidai. Idan giyabos yana fizga, wayoyin lantarki an yi musu ɗaure-ɗaure, ƙafafu sun saki, to injin ɗaya ne kawai daga cikin basussukan da motar ke bin mai ita. A irin wannan hali rabuwa ita ce hikima. Ko a nan ma kada a yi gaggawar sayarwa a kan sikeli. Giyabos da kwakwalwar mota da ƙofofi da fitilu da abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, kowanne yana da kasuwarsa a Apo da Zuba da Panteka ta Kaduna. Wanda ya sayar da motar dunƙule a matsayin ƙarfe, ribar da ta kamace shi ce ya bar wa mai saye.

Na uku shi ne irin gyaran. Ana iya kwance injin a sauya ringi da metal, a kai karanshaf wurin masu injin gogewa. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, amma ingancinsa ya rataya ne a kan gwanintar makanike da sahihancin kayan da aka sa. Ana kuma iya sayen injin Beljiyam, wanda ba ya zuwa da shaidar nisan da ya yi, garantinsa kuma yawanci na 'yan kwanaki ne. Mai saye ya je da makaniken da ya amince da shi, a buɗe a duba ko baƙin mai ya daskare a ciki, a rubuta yarjejeniyar mayarwa, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin. Bayan an ɗora, a je a gyara takardun mota, domin lambar inji tana cikinsu, kuma saɓaninta yana iya jawo dogon bayani a shingen bincike.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan maganar masu kuɗi ce, wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba dole ya lallaɓa. Uzuri ne mai ƙarfi, amma hanyar da muke magana a kanta ba ta karɓar lallaɓawa. Kowa ya san shekarun da satar mutane ta addabi titin Abuja zuwa Kaduna da ƙauyukan Kagarko. Motar da ta mutu a Wuse da rana ɓacin rai ce kawai. Wadda ta mutu tsakanin Jere da Kagarko bayan magariba, da mata da yara a ciki, magana ce ta rai. Idan kuɗin cikakken gyara bai samu ba, a ajiye motar a gida, a shiga ta haya, ko jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016, har Allah Ya hore.

A nan ne hukumomi suke da rawar takawa. Hukumar ba da lamunin masu saye, CREDICORP, da aka kafa a 2024, da ma'aikatan gwamnati ta fara. Ya kamata ita da ƙungiyoyin adashen ma'aikatu su ɗauki gyaran inji a matsayin buƙatar da ta cancanci rance mai sauƙin biya, domin farfaɗo da motar da ke hannu ya fi sayen wata sauƙi ga ma'aikaci, ya kuma rage dalar da ƙasa ke fitarwa.

Kafin hakan ta samu, aikin yana wuyan mai mota: ya duba ruwa da baƙin mai kafin ya kama hanya, ya tsaya nan take idan allurar zafi ta tashi, kada ya ce bari in ƙarasa Jere. Sau da yawa waɗannan 'yan kilomitoci na ƙarshe su ne ke mayar da gyaran dubbai ya koma na miliyoyi. Allah Ya kai kowa gida lafiya.