Ƙananan Hukumomi Su Ɗauki Nauyin Fiɗiyar Karnukan Talakawa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga ciyamomi da kansiloli a kan wata magana da ake ɗauka ta raha, alhali kuwa rai take ci. Maganar karnuka ce.

Duk mai zama a ƙauye ko mai kasa kaya a kasuwa ya ga yadda karnukan da ba su da mai su suka yi yawa. Suna kwana a juji da bayan mahauta, su kashe kaji, su bi yara 'yan talla da gudu. Ba daga sama suka faɗo ba. Cikin karya wata biyu ne kacal, ta haifi kwikwiyo biyar ko shida, wani lokaci har fiye, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Manomin da da ƙyar yake cika tukunyar gidansa, ina zai kai su? Sai ya ba da ɗaya ko biyu, sauran ya kai bayan gari ya yar. Waɗanda suka rayu su ne suke dawo mana.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, har ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a.

Abin da aka saba yi shi ne, in kare ya ciji wani, sai a tashi da kulake ko a zuba guba a nama. Bayan 'yan watanni wasu sun cike gurbin, tunda juji na nan, masu haihuwa ma na nan. Ga kuma haɗarin gubar ga dabbobin gida da yara. Masana sun ce in aka yi wa kare bakwai cikin goma allurar rigakafi, cutar ta daina yawo a gari. To, amma ta yaya za a kai wannan adadi in kullum sababbin kwikwiyoyi ake zubarwa? Shi ya sa allura da fiɗiya suke tafiya tare.

Mu fiɗiya ba baƙuwarmu ba ce, ai kowa ya san taure. Ta namijin kare mai sauƙi ce ga likitan dabbobi. Ta macen ce aiki, don sai an sa mata maganin barci an cire mahaifa an ɗinke, kuma wannan kuɗi ne da talaka ba zai fitar ba, balle kuɗin mota zuwa birni.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, mutane ba su sami magani ba, sai kare?" Ai don mutanen nake magana. Wanda mahaukacin kare ya ciza ba allura ɗaya ake yi masa ba, sai ya yi ta komawa, kuma sau da yawa ba a samun ta a asibitin ƙauye. Kuɗin jinyar mutum ɗaya zai yi wa karnuka da yawa rigakafi. Wani kuma zai ce kare najasa ne. To, malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye shi don farauta da gadin gona da tsaron dabbobi, kuma an hana azabtar da dabba. Ko ba ka da kare, ɗanka yana bin hanyar da karen yake bi.

Aikin nan na ƙaramar hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata lura da ajiye dabbobin gida irin su kare da kyanwa da zirga-zirgarsu, kamar yadda ya ɗora mata kasuwa da mahauta da kwashe shara. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Allurar ma ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato.

Roƙona shi ne a ware kuɗi a kasafin sashen gona, a ɗauko likitan dabbobi ya riƙa zagayawa ran kasuwa, dagaci da mai unguwa da sarkin baka su sa a yi shela. Mai hali ya biya, wanda mai unguwa ya shaida ba shi da shi a yi masa kyauta. Ana iya farawa ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya.

'Yan'uwana kuma, in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.



Naku,
Wani mai karatu,
daga Jihar Kano.