Maraƙi mai zawo ruwa yake nema, mu kuma muna ɗirka masa allura

Duk wanda ke cikin zaurukan masu kiwo a WhatsApp ko Facebook ya san yadda abin yake. Wani zai ɗora hoton maraƙi ɗan kwana bakwai, bayansa sharkaf da zawo, ya rubuta: "Jama'a a taimaka." Kafin minti biyar amsoshi sun cika wuri. Wannan ya ce a yi masa allurar LA, wancan ya ce a fasa kafso ja da yalo a ruwa a ɗura masa, wani ya ce ai Flagyl ne ƙarshen zance. Da wuya ka ga wanda ya tambaya ko maraƙin yana iya tsotso, ko kuma ya sha dakashi ranar da aka haife shi. Alhali amsar waɗannan tambayoyi biyu ce ke nuna ko zai kai gobe.

Bari mu fara da abin da ke kawo zawon. A kwanaki huɗu zuwa biyar na farko, galibi bakteriya ce mai suna E. coli. Daga nan zuwa mako biyu sai ƙwayoyin bairos, wato rota da korona, kuma wannan koronar ta shanu ce, daban take da wadda ta kulle mu a gida a 2020. Tsakanin mako ɗaya zuwa uku akwai wata ƙwayar hanji da ake kira kirifto. A'a malam, ba kirifton da kuke mainin a waya ba, wannan har mutum tana kamawa idan ya taɓa kashin maraƙi bai wanke hannu ba. To ga inda gizo ke saƙar: antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Ko kwalba guda ka juye wa maraƙin da rota ta kama, bairos ɗin ko gezau. Kuma da ido ba ka isa ka bambance wannan zawo da wancan ba, ko da a garke aka haife ka.

Abin da ke kashe maraƙi mai zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa, jininsa ya yi tsami, ƙarfinsa ya tafi. Za ka iya dubawa da hannunka. Ja fatar wuyansa ka saki; idan ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙasa. Duba ko idanunsa sun faɗa. Sa masa yatsa a baki ka ji ko zai tsotsa. Muddin yana tsotso kuma yana iya tsayuwa, maganinsa na farko shi ne ruwan gishiri na maruƙa, garin da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, a dama shi da ruwa mai tsafta a riƙa ba shi tsakanin shan nono. Kada a raba shi da uwarsa wai don cikinsa ya huta, yunwa ce za ta ƙarasa shi. Masu haɗa nasu a gida kuma su lura, hanjin jaririn maraƙi ba ya narkar da sukarin shayi, ƙara masa zawon ma yake yi. Gulukos ake sawa.

Kada wani ya fita ya ce mun haramta antibayotik. Yana da ranarsa. Maraƙin da zafin jikinsa ya haura 39.5, ko aka ga jini a kashinsa, ko ya kwanta ya ƙi nono, ko cibiyarsa ko gwiwarsa ta kumbura, mai yiwuwa bakteriya ta shiga jininsa. Wannan yana bukatar antibayotik, sau da yawa har da ƙarin ruwa ta jijiya, kuma aikin likitan dabbobi ne: shi zai zaɓi maganin, ya auna shi da nauyin maraƙin, ya faɗi kwanakin da za a yi. Allura ɗaya ta ƙiyasi, da maganin da ya wuni a rana kan tebur a kasuwa, wasa da rai ne. Ga wanda zawonsa bai kai nan ba kuwa, maganin kan kashe bakteriya masu amfani da ke hanjinsa. Garin gyaran gira a rasa ido.

Kai da ba ka da ko akuya za ka ce ina ruwanka. Da ruwanka fa. Duk lokacin da aka ba da antibayotik barkatai, bakteriya masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Suna fita a kashin shanu, kashin ya zama takin lambun da ake noma latas ɗin da kake ci, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi da rijiya, ko ya bi hannun mai tatsa zuwa ƙwaryar nono. Ita LA ɗin da ake yi wa shanu dangi ɗaya take da ja da yalon da ake sayar wa mutane a kyamis. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ba kiwo kaɗai ya jawo wannan ba, mu ma da shan kafso kamar gyaɗa muna da namu kason. Amma garke na cikin lissafin.

Adalci dai shi ne mu faɗi abin da ke tura makiyayi ga allura. Saniyarmu ta gida, irin Bunaji, ba ta cika sakin nono ba sai maraƙinta na kusa. Idan ya mutu an yi asarar sa ko saniyar gobe, an kuma yi asarar nonon da matar gida ke kaiwa kasuwa ta sayo cefane. Likitan dabbobi yana birni, mai tebur yana nan kowace ranar kasuwa. Wa za ka je wa? Shi ya sa muke kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya, wadda aka kafa a 2024, da gwamnatocin jihohi, su kai ma'aikatan lafiyar dabbobi kusa da rugage, NAFDAC kuma ta sa ido kan abin da ake shanyawa a kasuwanni da sunan magani. Matasan da suka karanci likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ku ma kuna da waya. Bidiyon minti ɗaya da Hausa ko Fulatanci kan yadda ake duba fatar maraƙi zai je inda motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba.

Mafi arha a duk wannan shi ne dakashi, nonon farko mai kauri. Maraƙi na zuwa duniya ne ba garkuwar jiki, daga dakashi yake samun ta, kuma hanjinsa na daina ɗaukar ta cikin kusan awa 24. A tabbatar ya sha a awanni shida na farko, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa: mai kilo 25 ya sami lita biyu da rabi. A share wurin haihuwa, a ware mai zawo daga sauran, a wanke hannu da sabulu.

Ku ne ake aika kasuwa sayo magani, ku ne Baffa ke cewa a duba masa a waya. Idan aka ce maka maraƙi na zawo, kafin ka ambaci sunan wata allura, tambayi kwanansa nawa, ko yana tsotso, ko akwai jini a kashin. Idan yana tsotso, a fara da ruwan gishiri yanzu. Idan ya kwanta, a nemo likita yau.